Hawan Dutsen Nur, Saur da Dutsen Musa: me ke mayar da mutane can, kuma yaya ake hawan?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da nake so masu sani su warware mana. Cikin masu zuwa Umra akwai waɗanda duk zuwan da suka yi sai sun hau Dutsen Nur, wasu ma su ƙara da Dutsen Saur, alhali kowa ya san hawan ba ya cikin aikin Hajji ko na Umra. In an tambaye su sai su ce akwai wata natsuwa da zuciya ke samu a can sama wadda ba ta samuwa a cikin gari. Ɗalibanmu na Masar ma haka suke faɗa game da Dutsen Musa. Shin natsuwar nan ta gaske ce, ko gajiya ce ke sa mutum ya ji wani iri? Me malamai suka ce? Wanda ya yi niyya kuma, wane shiri zai yi?

Jagoran Alhazai:
Wa alaikumus salam. Bari in bayyana yadda wurin yake kafin malamai su iso. Dutsen Nur yana arewa maso gabas da Masallacin Harami, tazarar wajen kilomita 4. Tsayinsa daga gaɓar teku wajen mita 640 ne, amma Makka kanta tana sama da gaɓar teku, don haka abin da ƙafa za ta hau daga gindin dutsen wajen mita 300 ne, kwatankwacin bene mai hawa ɗari. Mai lafiya da ya saba tafiya yana kaiwa cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Dattijo ko mai jiki ya ware awa biyu. Matakalar ba daidai take ba, wata doguwa wata gajera, wata dutse ne zalla da ƙafafu suka goge ya yi santsi.

Kogon Hira, inda wahayi ya fara sauka, ba a ƙololuwa yake ba. Sai ka kai sama, sannan ka gangara kaɗan ta ɗaya gefen, ka ratsa wani matsatsi tsakanin manyan duwatsu wanda mutum ɗaya ke wucewa, shi ma a karkace. Kogon bai kai mita 4 a tsawo ba, faɗinsa mita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. To a nan abin ke lalace wa mafi yawan mutane. Sun sha wahalar hawa, sun iso sun tarar da layi, ana turereniya, kowa na ɗaga waya, wani na rubuta sunansa da fenti a jikin dutse. Wanda ya je don ya cusa kansa cikin kogon zai sauko da ciwon gwiwa da ɓacin rai. Waɗanda ke komawa duk shekara, in ka lura da su, ba sa tsayawa a layin. Gefe suke samu nesa da hanya, su zauna minti 20 ko 30 suna kallon Makka daga sama ba tare da sun ce uffan ba.

Malamin Zaure:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma kafin a shiga batun takalmi da ruwa a daidaita asali. Bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya dawo Makka a Umrar ramuwa, ya dawo ranar Fatahu, ya dawo Hajjin bankwana, kuma ba a ruwaito ya hau Hira don ibada ba. Sahabbai ma ba su mai da shi wurin ziyara ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ita muke karantawa a zaurukanmu, Abu Huraira ya dawo daga Dutsen Ɗuri sai ya haɗu da Basra ɗan Abu Basra Algifari, ya ce masa da na riske ka kafin ka fita da ba ka je ba, sannan ya karanta masa hadisin cewa ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku. Wannan fa dutsen da Allah ya yi magana da Annabi Musa a gefensa ake nufi. Saboda haka sallar nafila a cikin kogo da ƙudurin tana da lada na musamman, shafar dutse, ɗebo tsakuwa a kawo gida, ɗaura ƙyalle, duk ba su da tushe. Kuma mutum ya bar sallar asuba a Harami, inda salla ɗaya ta fi dubu ɗari, ya tafi hawan dutse, wannan ciniki ne na asara.

Ɗalibin Azhar:
Allah ya gafarta Malam, a kan shafar dutse da ɗebo tsakuwa babu mai ja da kai. Amma hadisin ɗaura sirdi malamai sun saɓa a kan faɗinsa. Imamu Nawawi ya kawo ra'ayin wanda ya haramta tafiya zuwa wasu wuraren, sannan ya rinjayar da cewa ma'anar ita ce cikakkiyar falala ta masallatan nan uku ce, tafiya zuwa waninsu ba haramun ba ce. Tambayar Ɗan Kurmi kuma ta fi hukuncin ziyara faɗi. Yana tambaya ne ko abin da zuciya ke ji a kan dutse na gaske ne. Alƙur'ani ya amsa wannan. A Suratul Gashiya an ce shin ba sa duban raƙuma yadda aka halicce su, da sama yadda aka ɗaga ta, da duwatsu yadda aka kafa su. A ƙarshen Ali Imrana an yabi masu tafakkuri a halittar sammai da ƙasa. Hadisin Nana A'isha na farkon wahayi ya ce an sanya wa Annabi (SAW) son kaɗaita, yana halwa a Hira darare masu yawa, yana tafiya da guzuri, in ya ƙare ya koma wajen Nana Hadiza ya sake ɗauka. Kuma shi ne ya ce Uhudu dutse ne da yake son mu muke son sa. Zuciyar mumini ta motsa a kan dutse ba baƙon abu ba ne.

Malamin Zaure:
Na yarda da wannan, ɗana. Tafakkuri ibada ce. Sharaɗina ɗaya: mutum ya san cewa tafakkurin da ya yi a kan Dala ko Kufena ko duwatsun Shere, in zuciya ta halarta, shi ne dai tafakkurin. Abin da Hira ya fi su da shi tarihi ne, ka ga da idonka irin nisan da irin wahalar, ka gane abin da ka karanta a sira. In da wannan niyyar aka hau, ba ni da magana. Kuma ga sunnar da mahaya ke mantawa, alhali ita ce ta tabbata: Jabir ya ce mun kasance in mun hau tudu sai mu yi kabbara, in mun gangara sai mu yi tasbihi. Buhari ne ya ruwaito. A hadisin Abu Musa kuma, da sahabbai suka ɗaga murya da kabbara a kan hanya, Annabi (SAW) ya ce su sassauta wa kansu, ba kurma suke kira ba, ba kuma wanda ba ya nan ba. Wato zikiri a hankali. Wanda ya hau da lasifikar waya yana sakin karatu ko waƙe ga jama'a ya saɓa wannan, ya kuma hana wasu abin da suka zo nema.

Hajiya Likita:
Malam Ɗan Kurmi, rabin tambayarka ta farko tawa ce, kuma amsar ita ce duka biyun suna faruwa, dole a iya rarrabe su. Tafiya mai tsawo da taki ɗaya, numfashi mai zurfi, rashin hayaniya, ido ya samu nisa ya kalla, duk waɗannan suna kwantar da hankali, kuma mutum yana jin haka ne da kai garau. Ya san inda yake, ƙafarsa ba ta rawa, in aka yi masa magana zai amsa daidai. Akwai kuma wani sauƙin kai da ke zuwa daga ƙarancin ruwa ko faɗuwar sukari, wanda wasu ke ɗauka halin ruhi ne. Alamarsa jiri, gani dishi-dishi, kunne na ƙara, bugun zuciya da sauri ko bayan an zauna, tashin zuciya, rawar hannu. Wannan mutum ba ya cikin wani hali na ibada, yana dab da faɗuwa ne, kuma faɗuwa a kan matakalar dutse ba irin ta tsakar gida ba ce.

Ga lissafin ruwa. A yanayin zafi jiki yana buƙatar rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa ta hawa. Dutsen Nur, hawa da zama da sauka, awa uku ne, don haka lita biyu ga mutum ɗaya shi ne mafi ƙaranci. A sha rabin lita kafin a fara, sauran a riƙa kurɓa duk minti 15, kada a jira ƙishirwa. Gora ɗaya a zuba mata fakitin gishiri da sukari irin na masu gudawa, fakitin lita ɗaya a lita ɗaya, domin gumi yana fita da gishiri, ruwa zalla mai yawa kuma ba ya mayar da shi, daga nan ake samun ɗaurewar jijiyar ƙafa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura kada ya hau da cikin wofi. Ya riƙe dabino, in ya ji rawa da gumi mai sanyi ya ci biyu ko uku, ya zauna minti 15 kafin ya motsa. Mai ciwon zuciya, mai ciwon ƙirji in ya yi tafiya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai juna biyu, waɗannan su tsaya a gindin dutsen. Akwai wurin baje kolin tarihin wahayi da aka gina a ƙasa, ya wadatar.

Wanda ya fara sambatu, ko ya ruɗe, ko jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a kira 911, ko 997 na motar asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. A irin waɗannan watannin ni ban yarda kowa ya hau da rana ba.

Uwar Biyu:
Hajiya, mai azumi fa? Umrar Ramadan ce mutanenmu suka fi zuwa.

Hajiya Likita:
Mai azumi kada ya hau da rana ko kaɗan, Yaya. In dole ne, sai bayan ya sha ruwa da awa biyu aƙalla, abinci ya kwanta, ya kuma sauko da sauran lokacin sahur.

Jagoran Alhazai:
Batun asuba da Malam ya kawo yana da mafita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana iya yin asuba a Harami, a kama mota nan take, a fara hawa gari na wayewa, a sauko kafin hantsi ya yi zafi. Wannan ne tsarin da ya fi, ga haske ga sanyi, ba a rasa jam'i ba. Da bazara kuwa ko dai a haƙura, ko a hau bayan isha'i da tocila.

Kaya: takalmin kambas mai ƙasan roba da aka riga aka saba da shi, da safa. Silifas shi ne ke jefar da mutane, musamman a sauka, domin ƙafa ta yi gumi tana zamewa a cikinsa. Jakar goyo, domin hannu biyu su zama a sake. Tocilar da ake ɗaurawa a goshi ta fi ta waya, waya tana cinye hannu ɗaya kuma cajinta na kiran gaggawa ne. Mata su sa wando a ƙarƙashin abaya, su kuma ɗaure ta ta tsaya a idon sawu, saboda taka bakin riga a kan matakala shi ne faɗuwar da aka fi gani. Maza kada su hau da harami, a gama Umra a sa kayan gida. Leda a hannu kuma kiran gwaggon biri ce. Akwai su a dutsen, sun san leda abinci ce, suna fizgewa. Komai a cikin jaka a zuge, kada a ba su abinci, kada a jefe su. Dutsen yana cikin iyakar Harami, ba a korar dabbarsa, ba a cire tsironsa.

Taki: wanda ba ya iya faɗin Subhanallahi walhamdu lillahi a numfashi ɗaya ya yi sauri da yawa. A rage. Tsayawar minti ɗaya ko biyu a tsaye ta fi dogon zama, domin dogon zama yana sa ƙafa ta yi sanyi ta ƙi tashi.

Mai Raƙumi:
Ku ƙara da Saur, don wasu suna ɗauka tagwayen Nur ne. Yana kudu da Harami, ya fi Nur tsayi, ya haura mita 700, hanyarsa ta fi tsawo kuma tana da tudun ƙarya: ka hango kamar ƙololuwa, ka kai, sai wani tudun ya bayyana a bayansa. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi hawa kawai. Ruwa lita uku. Amfaninsa ga mai neman shiru shi ne mutane sun fi ƙaranci. Kuma wanda ya hau shi ba zai ƙara karanta ayar Suratut Tauba ta 40 yadda ya saba ba. Kwana uku Annabi (SAW) da Abubakar suka yi a kogon Saur a shekarar Hijira, 622, Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labari da dare, Amiru ɗan Fuhaira yana biyo sawu da tumaki. Sai ƙafarka ta ɗanɗana hanyar za ka san abin da wannan zirga-zirga ke nufi. Amma saboda ƙarancin mutanen, kada a hau shi kaɗai. In ka gurɗe a can, kana iya daɗewa kafin wani ya wuce.

Ɗan Kurmi:
To ai nan na rikice. Ana neman kaɗaici, kuma an ce kada a tafi shi kaɗai.

Malamin Zaure:
Babu karo. Hadisin Ibnu Umar a Buhari ya ce da mutane sun san abin da ke cikin kaɗaici da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. A Abu Dawuda kuma an ce in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba. Ku tafi ku uku, ku yi alkawari tun daga ƙasa cewa ba hira sai ta larura. In kun kai, kowa ya ja gefe inda ɗan'uwansa ke hango shi, a sa lokacin haɗuwa. Wanda ya zauna ya fara da addu'ar sauka a masauki, A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma halaƙ. In salla ta kama ku a sama kuma ruwan da ke hannu na sha ne da ba za a iya rasa shi ba, taimama a kan dutse ta inganta a mazhabar Malikiyya. Mafi kyau dai a hau da alwala.

Ɗalibin Azhar:
Dutsen Musa kuma lissafinsa daban ne, domin can sanyi ne ke kayar da mutane. Yana kudancin Sina, tsayinsa mita 2,285. A gindinsa akwai gidan ibadar Kirista na Santa Katarina da aka gina tun ƙarni na 6 zamanin sarki Jastiniyan, a sama kuma akwai ƙaramin masallaci da ƙaramar majami'a kusa da juna. Hanya biyu ce. Hanyar raƙuma doguwa ce mai lanƙwasa, wajen kilomita 7, awa biyu da rabi zuwa uku. Ɗayar matakala ce 3,750 da ruhubanawa suka jera da duwatsu, ana ce mata matakalar tuba. Duka biyun suna haɗuwa a wani fili da ake dangantawa da Annabi Iliyasu, daga nan sauran matakala 750 kowa da ƙafarsa zai hau, raƙumi ba ya wucewa. Da dare hanyar raƙuma ake bi. Matakalar tuba ba ta dare ba ce, sai dai a sauko ta ita da safe in gwiwa na da ƙarfi. Ɗan jagora daga Larabawan Jabaliyya na yankin wajibi ne.

Ana tashi wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare don a riski fitowar rana a sama. Kuskuren da ake yi shi ne a hau da sauri, a iso da awa biyu kafin alfijir, riga ta jiƙe sharkaf da gumi, a zauna cikin iska. Duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6, da hunturu kuma ƙanƙara na sauka a can. Maganinsa: a hau da kaya marasa nauyi har ana ɗan jin sanyi, a ajiye busasshiyar riga da rigar sanyi da hula da safar hannu a jaka, da an iso a cire jiƙaƙƙiyar nan take. Ana ba da hayar bargo a rumfunan shayi na kusa da sama. Wanda haƙoransa ke kaɗawa ba ya iya tafakkurin komai, yana ƙirga mintoci ne kawai.

Abin da ke mayar da mutane can, a ganina, rabinsa kafin fitowar rana yake. A tsaya a hanya, a juya wa jama'a baya, a kashe tocila. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma kallon fuskar waya sau ɗaya yana ɓata wannan. Wanda ya jure zai ga taurarin da mazaunin Alƙahira ko Kano bai taɓa sanin suna nan ba. A zaɓi dararen ƙarshen wata ko farkonsa in taurari ake so. In hasken hanya ake so, daren sha huɗu.

Uwar Biyu:
Mu da gwiwa ta fara magana, akwai abin yi kafin tafiya?

Hajiya Likita:
Akwai, kuma sati shida ya isa ya kawo bambanci. Tafiyar minti 30 sau biyar a sati, da hawa da sauka a matakalar bene sau uku a sati, a fara da minti 5 ana ƙara kaɗan-kaɗan har minti 20. A yi shi da takalmin da za a je da shi, da jaka mai lita biyu na ruwa a baya. Sauka ta fi hawa cin gwiwa, domin naman cinya ne ke taka burki a kowane taki, kuma a lokacin ya riga ya gaji. Shi ya sa faɗuwa ta fi yawa a sauka. A riƙe sanda, a gajarta taki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, matakala mai tsawo a sauke ta a karkace, ƙafar da ke ciwo ita ce ke fara sauka. A yanke farcen ƙafa kwana biyu kafin ranar, in ba haka ba yatsa zai riƙa dukan gaban takalmi har farcen ya yi baƙi. In gwiwa tana kumbura bayan gwajin bene, Yaya, wannan amsa ce, a ga likita kafin a sa rai.

Jagoran Alhazai:
Abu biyu da ba a ambata ba. In hadari ya haɗo, a fasa. Ruwan Makka yana zuwa ne farat ɗaya, galibi a watannin sanyi, dutsen ya yi santsi, kwazazzabai su cika. In an ga walƙiya aka ji tsawa kafin a ƙirga 30, ta yi kusa, a bar ƙololuwa a gangara. Na biyu, gorar da ka hau da ita cike ka sauko da ita babu komai a jakarka. Gefen hanyar Nur cike yake da robobi, kuma masu neman natsuwar ne suka zubar da su. Wanda ya samu ƙarfin ƙara guda biyar na wasu a jakarsa, kawar da ƙazanta daga hanya sadaka ce, wannan kam Malam ba zai ce ba ta da asali ba.

Malamin Zaure:
Tana da asali, Alhaji, hadisi ne ingantacce. A haɗa da barin rubutu a jikin dutse.